Wace kart mer zan saya in ina son obakulok amma kuɗin ba su da yawa?

Ɗan Bagalam

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku, ƙaƙa zahi. Shawara nike nema wajen waɗanda sunka san harkar haɗa ordinater da hannu. Ni aikina montaj na bidiyon biki da suna nan Maradi, da dare kuma in na samu sarari ina ɗan buga gem, to mashin ɗin da nike da ita tsohuwa ce irin ta biro, in na sa ta ta fitar da bidiyo sai in tahi masallaci in dawo in ci abinci ba ta gama ba, masu biki kuwa kun san ba su da haƙurin jira. Na tara jika 200 na sefa kuma abu ukku kawai nike son in saya, kart mer wato babban allon da ake ɗora komi a kai, da purosesa wato ƙwaƙwalwar mashin, da ram wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, don ina da kart grafik GTX 1660 Super mai kula da hoto, da SSD na ajiyar fayil, da bwatiye wato akwatin mashin tun da.

Abin da nike so shi ne mashin da zan iya yi ma obakulok, wato in ƙara mata gudu da kaina tunda ba ni da kuɗin sayen babban purosesa. Na zagaya na samu zaɓi ukku. Wani mai shago ya nuna min kart mer Z390 okaziyo da purosesa i5 9400F a kai, ya ce min Z duk na obakulok ne. Wani yana da A520 sabuwa dal cikin kwali da Ryzen 5 5600. Sai wani abokina da ke son ya saida X570 ɗinshi amma ita kaɗai za ta cinye kusan rabin kuɗin. Don Allah wace ta hi, ko akwai wata da ban sani ba?

Mai Gyara Sabon Gari

Wa alaikumus salam ƙanena. Madalla da ka tambaya kahin ka biya, don biyu daga cikin ukkun nan ba za su ba ka abin da kake nema ba ko kaɗan.

Mu fara da ta Intel. Mai shagon bai yi ƙarya ba cewa Z390 ta obakulok ce, amma rabin maganar ya gaya maka. A wajen Intel sai abu biyu sun haɗu, kart mer mai harafin Z da purosesa mai harafin K a ƙarshe, kamar 9600K ko 12600K. Shi 9400F a kulle yake daga kamfani, ko wace kart mer ka ɗora shi ba zai wuce gudun da anka yanka mishi ba, sai dai ka taɓa ram. Ga shi kuma kor 6 ne, wato ƙananan injinan lissahi da ke cikinshi, da zare 6 kawai, wato ayyukan da yake ja a lokaci guda, alhali 5600 kor 6 ne da zare 12, wanda a montaj za ka ji bambancin sosai. Sannan soket ɗin nan LGA1151, wato mazaunin purosesa a kan kart mer, ya tsaya tun ƙarni na 9, babu gaba.

Ita A520 kuma matsalar a juye take. Ryzen 5 5600 a buɗe yake, AMD ba ta kulle Ryzen yadda Intel ke yi, amma cipset, guntun da ke kula da ayyukan kart mer, in mai harafin A ne wato A320 da A520 ba ya barin ka ƙara ma purosesa gudu. Sai B ko X. To ka riƙe purosesan nan don shi ne daidai aljihunka, ya fito 2022, gudunshi 3.5 yana hawa har 4.4 GHz, kuma ba ya cin wuta, 65W ne a takarda, iyakar abin da yake ja daga soket in ba ka taɓa komi ba 76W. Kwatanta da 12600K da ke kaiwa 150W kuma ba ya zuwa da fanka, sai ka sayi Z690 ka sayi babbar fanka, jikarka 200 ba za ta kai ko'ina ba.

Yanzu abin da nike son ka gane da kyau, don nan ne mutane ke asarar kuɗi. Harafin cipset izini kawai yake ba ka. Wanda ke ɗaukar wahalar obakulok shi ne VRM, 'yan ƙananan abubuwan nan baƙaƙe da ke jere hagu da saman soket. Alimantasiyo, wato akwatin da ke ba mashin wuta, tana kawo 12V ta waya mai fil 8, shi kuma purosesa abin da yake so bai wuce 1.2 zuwa 1.4V ba amma da amper mai yawa, to su ne ke sauke wutar, kamar dai transfo ɗin unguwa, in gidaje sunka yi mishi yawa sai ya ɗau zahi. Duk sanda ka ƙara boltaj su ne ke fara gasuwa, in sunka yi zahi da yawa kart mer da kanta za ta rage gudun purosesa don ta tsira, sai ka ga mashin da ka yi ma obakulok ta koma ƙasa da wadda ba a taɓa ba. A bidiyon da kake gani a YouTube ɗakinsu bai wuce digiri 22 ko 23 ba, mu kuwa Afrilu da Mayu muna wuce 40, ɗakin kwano ma ya hi haka. Wannan ratar ta kusan digiri 20 kai tsaye take hawa kan duk abin da ke cikin bwatiye.

Saboda haka in ka ɗauki kart mer a hannu, kahin ka dubi fitilu masu launi dubi ko akwai ƙarhe mai kauri mai tsaga-tsaga a kan VRM ɗin. In tsirara suke aje ta ko da B550 ce an rubuta. Kada kuma adadin faz, wato layukan sauke wuta na VRM, da ake bugawa a kwali ya ruɗe ka, wasu kamfanoni suna ninka kayan a faz guda su ƙirga shi biyu. Waɗanda sunka ratsa ta hannuna kuma na yarda da su a kuɗi kaɗan su ne MSI B550-A Pro, MSI B550M Pro-VDH, ASUS TUF Gaming B550-Plus da Gigabyte B550 Aorus Elite. Ko wace daga ciki za ta riƙe 5600 ba tare da ta ji a jikinta ba, har gobe in Allah Ya buɗa ka sa 5700X ko 5800X ba sai ka canza ta ba.

X570 ta abokinka kart mer ce ta ƙwarai amma ba taka ba ce. Ba za ta ƙara ma 5600 komi a kan B550 ba, kuma yawancinsu suna da 'yar fanka a kan cipset, ƙurar hunturu in ta shiga sai ƙara, daga baya ta tsaya. B550 ba ta buƙatar wannan fankar.

Bamaraɗe a Kano

Gaisuwa ga Malam Mai Gyara, duk abin da ya faɗa haka yake, amma ni ina ganin ma B550 ɗin ta yi masa yawa. Abin da B550 ta fi B450 da shi PCIe 4.0 ne, wato hanyar bayanai mai sauri, a ramin katin hoto da M.2 na farko inda ake sa SSD, to shi 1660 Super ai PCIe 3.0 ne, ba abin da zai ƙaru da shi yanzu. Ni da zan ba shi shawara ya nemi MSI B450 Tomahawk Max ta hannu, faz 4+2 ce kawai amma ƙarfen sanyayawarta babba ne, mutane da yawa sun ɗora kor 8 a kanta lafiya lau. Rarar kuɗin ya zuba a ram da fanka.

Abu ɗaya dai dole ka kula da shi ɗan uwa, B450 ta fito 2018 tun kafin a yi Ryzen 5000, don haka in BIOS ɗinta, wato manhajar da ke tayar da allon, tsoho ne ka sa 5600 fanka za ta juya amma allo ba zai kawo ba, sai ka ɗauka an cuce ka alhali lafiyarta ƙalau. Shi ya sa na ce Tomahawk Max, tana da maɓallin Flash BIOS a baya na sabunta BIOS ɗin, ka sauke fayil ɗin daga shafin MSI ka canza masa suna zuwa MSI.ROM ka sa a filash da aka yi wa fomat FAT32, ka jona waya mai fil 24 da mai fil 8, ka danna, ba sai da furosesa ko ram a kai ba. Gigabyte suna kiran nasu Q-Flash Plus, ASUS kuma BIOS Flashback. Ko wacce za ka saya ka tabbata tana da wannan maɓalli, ko B550 ce ma, don waɗanda aka yi da farko a 2020 su ma sai an sabunta su.

In za ka shigo Kano ta Ɗan Issa da Jibiya ka zo Beirut Road, ko ka aiko wanda ya san kan abin, amma kar a biya sai an gwada a gaban ido. A kunna a shiga BIOS, a gwada ramukan ram duk huɗun ɗaya bayan ɗaya don akwai wadda rami biyu sun mutu ba za a faɗa maka ba, a gwada M.2 da USB na baya da ramin intanet da sauti. Ka juya bayanta ka duba daidai ƙarƙashin VRM ko allon ya canza launi ya yi ruwan ƙasa, ka shinshina ma, wadda ta taɓa ƙonewa ba ta ɓoye wari. In 5600 ɗin ma na hannu ne ka ɗaga shi a haske ka dubi fil ɗinsa, a AM4, soket ɗin 5600, fil ɗin a jikin furosesa suke ba a soket ba. Kuma ka yi lissafin canjin sefa da naira a ranar, kada ka dogara da farashin da wani ya faɗa maka wata biyu da suka wuce.

Mai Gyara Sabon Gari

Ban ƙi ta taka ba, in ya samu Tomahawk Max mai lahiya ya ɗauka. Abin da ya sa na karkata ga B550 shi ne B450 da ke yawo a kasuwa yanzu da yawa sun sha aiki shekaru, ba ka san hannun da sunka bi ba, kuma in ta mutu bayan ya tsallako iyaka wa zai kai ma ƙara. In bambancin kuɗin bai wuce jika 10 ko 15 ba ni dai B550.

Indo Informatik

Sannunku yayyena. Ni abin da nike son in ƙara ba kan zaɓin kart mer ba ne kai tsaye, amma shi zai sa ya san nawa ya kamata ya kashe mata. Ɗan Bagalam kada ka sa rai da yawa ga obakulok irin na da, wanda za ka kafa ma duka kor lamba guda ka ɗura boltaj. Zamanin i5 2500K ne ake ɗaga purosesa daga 3.3 zuwa 4.5 GHz a ji kamar an sayi sabo. Ryzen 5000 shi da kanshi yake duba zahi da wuta ya hau iya inda zai iya, ragowar da za ka samu da hannu kaɗan ce, kuma in ka kafa boltaj mai yawa dare da rana kana cin ran purosesan ne a hankali.

Abin da ke aiki a garin zahi irin namu shi ne PBO da Curve Optimizer, duk suna cikin BIOS ɗin B450 da B550 in an sabunta. PBO yana buɗe iyakar wuta kuma kana iya ƙara har 200 MHz a kan 4.4 ɗin, shi kuma Curve Optimizer rage boltaj yake yi a kowane mataki na gudu, ana sa shi a negatif, iyakarshi 30. Rage boltaj na nufin rage zahi, in zahi ya ragu kuma purosesa ya daɗe a sama. Ka fara da 10, ka gwada, ka je 15, haka dai a hankali, ba kowane purosesa ke kaiwa 30 ba ko da lambarsu guda. Alamar ka wuce gona da iri ita ce mashin ta sake tashi da kanta, kuma sau da yawa ba lokacin aiki mai nauyi ba, lokacin da take zaune kana duba Facebook ne. Ka sauke HWiNFO64 don ganin zahin purosesa da na VRM, Cinebench R23 don ka ga ko maki ya ƙaru da gaske, OCCT don gwajin juriya, dukansu kyauta ne. Ka yi gwajin da azahar ba da asuba ba, abin da ya tsaya a sanyin Disamba yana iya faɗuwa a Afrilu. Iyakar 5600 wajen digiri 90 zuwa 95 take, ni dai ba ni son in ga ya wuce 80 yana aiki.

Sai ram, wadda a ganina nan ne ribar take. Ka sayi sanda biyu iri guda, 8 da 8 ko in kuɗi sun kai 16 da 16 tunda montaj kake, DDR4 mai gudun 3200 CL16 (CL lambar jinkirin ram ce) ko 3600, ka sa su a rami na biyu da na huɗu daga wajen purosesa. In ba ka shiga BIOS ka kunna XMP ba, saitin da ke sa ram ta yi gudun da anka rubuta mata, ASUS suna ce mishi DOCP, za ta zauna a 2133 ko 2400 ko 2666 ko da 3600 an rubuta a jikinta, kuma mashin da yawa da ake kawowa haka nike iske su, mai ita ya biya kuɗin gudu bai taɓa amfani da shi ba. A 3600 ka tabbata FCLK, gudun hanyar da ke haɗa sassan cikin purosesa, yana 1800 don su tahi tare, boltaj ɗin ram 1.35V, na SoC, sashen purosesa mai kula da ram, kada ya wuce 1.2V. Bayan nan ka bar MemTest86 na gwajin ram ya zagaya, don ram da ba ta tsaya daidai ba tana iya lalata maka fayil ɗin bikin mutane ba ka sani ba.

Fankar da ke zuwa cikin kwalin 5600 ƙarama ce, tana aiki amma ba da PBO a Maradi ba. Ware kuɗin fanka mai tsayi irin DeepCool AK400 ko Hyper 212. Wani abu kuma, 1660 Super ɗinka tana da NVENC, sashen da ke fitar da bidiyo a cikin kart grafik, in Premiere Pro kake amfani da shi daga sigar 14.2 ta 2020 zuwa sama ka zaɓi ankodaj na kart grafik wajen fitar da H.264, wannan kaɗai zai rage maka jira hiye da duk obakulok ɗin da za ka yi.

Ɗan Bagalam

Kai Allah Ya saka muku da alheri, yau na ƙaru. To na bar maganar Z390 da A520. Malam tambaya biyu, alimantasiyon da ke cikin bwatiyena an rubuta 500W amma ba ta da wani suna da na sani kuma ba ta da nauyi, za ta yi? Na biyu wani ya turo min saƙo wai in sayi kart mer X99 ta Sin da purosesa Xeon da ram duka a haɗe kan kuɗi kaɗan, kor 12 ko 14, mi kuka gani?

Mai Gyara Sabon Gari

Alimantasiyon nan cire ta ƙanena, da gaske nike. Wadda ba ta da nauyi ba ta da suna 500 ɗin a takarda kawai yake, kuma ranar da za ta mutu ba ita kaɗai take tahiya ba, ta kan tahi da kart mer ko kart grafik. 5600 da 1660 Super gaba ɗaya ba su kai 300W ba, don haka 550W ta gaske mai 80 Plus Bronze daga Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ta isa har da saura. Ka duba jikinta a ce tana karɓar 100 zuwa 240V, don kuran namu ka san yadda yake sauka in zahi ya yi kowa ya kunna fanka da frigo. Ko za ka rage ram zuwa 16 don ka sayi wannan, rage.

Ondiler kuma, wato akwatin batir mai riƙe mashin in kuran ya ɗauke, ba ado ba ne a wajenka. Ranar da za ka sabunta BIOS ko dai kana kan ondiler ko kan batirin sola, in kuran ya ɗauke tsakiyar aikin kart mer tana iya ƙin tashi, shi ya sa maɓallin nan da ɗan uwanmu na Kano ya faɗa yake da amfani don da shi ake ceto ta. In a kan grup kake aiki kada ka jona kai tsaye ba regilater. Da damina in hadari ya taso cire wayar kuran da ta intanet duka, tsawa ta waya take shigowa. Ka kuma koyi inda ake share CMOS, wato ma'ajiyar saitin BIOS, tun kahin ka fara wasa da lambobi, a MSI fil biyu ne an rubuta JBAT1, ko ka kashe wuta ka cire batirin CR2032 na ɗan lokaci, duk saitin da ya hana ta tashi zai goge. MSI ɗin nan suna da 'yan fitilu huɗu CPU da DRAM da VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne nan matsalar take. Ka sani kuma a ƙa'idar AMD ko PBO ka kunna ka hita daga garanti, ko da yake mu nan garantin galibi na baki ne tsakaninka da mai shago.

Bwatiye ya zama iska na shiga ta gaba tana hita ta baya, ka ɗaga shi daga ƙasa ka ɗora bisa tebur, da hunturu ka riƙa hure ƙura akai-akai kana riƙe da fankokin kada su juya.

X99 ta Sin araha ce ba musu, kuma a fitar da bidiyo yawan kor yana taimakawa. Amma kai obakulok ka ce, su Xeon E5 masu kor 12 da 14 a kulle suke, gudun kor guda ƙasa yake da 5600 nesa ba kusa ba, a gem da jan taimlain za ka ji nauyi, da yawansu suna cin wuta sun hi 100W, kuma VRM ɗin waɗannan allunan shi ne inda ake rage kuɗi. Da yawansu ma cipset ɗin da ke kai tsoho ne da anka ciro daga wata kart mer.

Bamaraɗe a Kano

In ka yanke shawara ka rubuto sunayen guda biyu ko uku a jere, wadda ka fi so a sama, don ba kullum ake samun abin da mutum ya ƙudurta ba. Ka kuma auna bwatiyenka tukuna, B550-A Pro da Tomahawk cikakken ATX ne wato babban allo, in bwatiyen ƙarami ne sai Pro-VDH, kuma AK400 tsayinta 155mm ne, ka tabbata murfin zai rufe.

Ɗan Bagalam

Na auna, ATX ba za ta shiga ba, ramukan baya huɗu ne kawai, amma faɗin ya kai santimita 19 don haka ina jin fankar za ta shiga. Kenan B550M Pro-VDH ce a sama. Malam in kayan sun iso zan kawo maka shago mu yi BIOS ɗin bisa ondiler ɗinka. Indo, ram ɗin da na samu 3200 CL16 ce sanda biyu na 8, in ɗauka ko in jira 3600?

Indo Informatik

Ɗauki 3200 ɗin, bambancinsu a aikinka ɗan kaɗan ne, kuma da yawa suna hawa 3600 in ka sassauta CL zuwa 18. Ka dai tabbata kit guda ne cikin kwali guda ba sanda biyu da anka haɗa daga wuri daban-daban ba.